Rumbu Uku, Ƙofa Ɗaya

Ƙarfe biyun dare wuta ta dawo
da ƙarfin da ba wanda ya roƙe ta,
ta bi waya har ofishin 'yan albasa na Mil Sha Biyu,
ta yi ɓarnarta, ta koma.

Da hantsi Alhaji Mamuda ya iso shagona a Otigba,
na'ura a rungume kamar jinjiri mai zazzaɓi,
rigarsa na warin buhu da hayaƙin danfo.
Ya ce, Tanimu, shekara tara ce a cikin nan:
wanda ya ci bashi, wanda ya biya,
tirelar da ta taso daga Aliero, wadda ta kife a Jebba,
da kuɗin marayun Sale direba.

Na kwance murfi. Faifai uku.
Wani yaro mai wayo, can baya,
ya ɗaure su wuri guda, ya raɗa musu suna ɗaya,
kamar a fasa bangon rumbu uku
a bar ƙofa guda, a ce an samu yalwa.
Yalwa kam an samu.
Sai dai gero in ya zuba ba ya tambayar iyaka,
rabin zangarniya nan, rabinta can,
in na tsakiya ya rushe
wa zai ce ga inda aka tsaya?

Na tsakiyan ne kuwa ke ƙyas, ƙyas, ƙyas,
kamar tsaka a bayan kwano.

Ban rubuta masa ko ɗigo ba.
Mara lafiya ba a ɗora masa kaya.
Gbenga maƙwabcina ya ara mini sabon faifai,
na zauna ina kwashe abin cikin tsohon
loma loma,
inda ya ƙi, in tsallake, in dawo in lallashe shi.
Ruwa ya sauko, kwata ta cika,
janareta ya sha mai har sau uku,
na yi Magariba da Isha a kan kwali.

Wajen asuba na samu abin da nake nema:
'yar takarda ce ɓoye a lungun faifan farko,
ba ta kai nauyin ƙwayar ridi ba,
amma ita ce taswirar gida,
ita ta san daga ina zuwa ina ne rabon kowa.
Na ɗauki sunan mamaci, dogon nan mai haruffa da lambobi,
na sa wa baƙo,
na karanta masa taswira,
na ce, tashi ka tsaya inda ɗan'uwanka ya tsaya.

Na danna. Na riƙe numfashi.

Sunaye suka fara fitowa
kamar fasinja na sauka a Oshodi.
Bashin Iro Mai Tumatir na nan, bai ragu da sisi ba.
Kuɗin marayu na nan.
Watan Maris na bara ne kawai bai dawo ba,
kwana goma sha ɗaya, wayam,
nan allura ta karce, nan ilimina ya ƙare.

Alhaji ya duba ya daɗe.
Ya ce, a kwanakin nan ni ma ana bi na,
yanzu sai abin da na tuna, sai kuma tsoron Allah.

Na ce, haɗa rumbu ba tsare hatsi ba ne.
Sayi faifan da zai zama madubin kowane,
ka ajiye kwafi a Agege, nesa da wannan waya,
ka riƙa buɗe shi duk Juma'a,
don ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba
labari ce kawai.

Ya gyara hula, ya ce nawa ne madubin?
Na faɗa.
Ya ce albarka,
ya taya rabi, kamar buhun da ya kwana a rana.